Wata bakwai da tashi daga zazzaɓi, amma ƙarfinsa bai dawo ba

"Assalamu alaikum, Likita. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarunsa 46. A hunturun da ya wuce ya yi zazzaɓi mai zafi da tari da ciwon jiki, har ya daina jin ƙanshi da ɗanɗanon abinci kusan mako uku. Ya warke, amma yau wata bakwai ke nan bai koma yadda yake ba. Kullum gajiya, in ya hau bene sai haki, in ya yini a kasuwa sai ya kwana biyu a kwance. Lissafin da yake yi da ka yanzu rikice masa yake. An yi masa maganin maleriya sau uku, na taifot sau biyu. A dangi wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa damuwa ya sa wa ransa. Na ji a rediyo wai bincike ya nuna korona na barin ciwo a jiki bayan an warke. Gaskiya ne? Me za mu yi?" Daga wata mai karatu, Gwammaja, Kano.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya saka miki da alheri kan wannan jinya. In na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko cutar bairos, wato irin ƙwayar da ke kawo mura da ƙyanda da korona, na iya wucewa ta bar mutum da larura tsawon watanni, da kuma ko abin da ke damun maigida ke nan. Na farko amsarsa e, babu tantama a kai. Na biyu kuwa, abin da kika siffanta ya yi kama da shi ƙwarai, musamman wannan kwanciyar ta kwana biyu bayan yinin kasuwa, amma ban sa masa abin awo a ƙirji ba, kuma akwai cututtuka a garin nan da ke zuwa da irin wannan kama waɗanda dole a kore su tukuna. Zan zo kansu.

Ba da korona aka fara ba

Iyayenmu sun daɗe da lura cewa yaron da ya yi ƙyanda mai tsanani yakan jima yana laulayi, yau gudawa, gobe tari, jibi ciwon kunne. A 2019 masu bincike suka auna jinin yaran da ba a yi wa rigakafi ba, kafin su yi ƙyanda da bayan sun yi, suka tarar cutar ta goge tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na kariyar da jikinsu ya tara daga cututtukan baya. Garkuwar jiki ce ta manta abokan gabar da ta riga ta sani, sai ta koma koyo daga farko.

Haka zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga kwanciyarsa kan samu kurumta, wasu jin ya ɗan dawo bayan wata ɗaya zuwa uku, wasu kuma shi ke nan. Waɗanda suka tsira daga Ebola a Saliyo da Laberiya da Gini sun yi shekaru suna fama da ciwon gaɓoɓi da ciwon ido. A 2021 ma cutar ta sake ɓulla a Gini, da aka bi diddigin ƙwayar sai aka ga ta yi kama da ta annobar da ta ƙare a 2016, alamar ta ɓoye ne a jikin wani da ake ganin ya warke tun shekaru biyar baya. Abin da korona ta yi shi ne ta kama ɗaruruwan miliyoyin mutane cikin ɗan lokaci, masu wannan larura suka yi yawan da ba za a iya kau da kai daga gare su ba, kuɗin bincike kuma ya fito. Amurka kaɗai ta ware sama da dala biliyan ɗaya don wannan aiki.

Mu a Kano mun san korona, ko da wasu har yau ba sa son a ambace ta. An tabbatar da mutum na farko a jihar ranar 11 ga Afrilun 2020, kuma kowa ya tuna yadda aka yi ta jana'izar dattawa a makonnin da suka biyo baya. A watan Yuni na shekarar ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Cutar ba ta tafi ba. Ta rage kisa, mutane sun daina gwaji, yanzu tana wucewa ne da sunan mura mai zafi. Rasa jin ƙanshi na makonni ba tare da hanci ya toshe ba yana daga alamominta da aka fi sani, shi ya sa na ɗauki zarginki da muhimmanci.

A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar abin da ake kira doguwar korona: alamomin da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma ba a samu wata cutar da za ta bayyana su ba. An lissafa alamomi sama da 200, amma uku ne kan gaba, wato gajiya, ƙarancin numfashi da rikicewar tunani. Maigida na da dukkansu. Wani babban nazari na 2022 da ya haɗa bayanan ƙasashe da dama ya ƙiyasta kusan mutum 6 cikin 100 na waɗanda suka yi korona mai alamomi ne ke shiga wannan hali, mata sun fi maza, kuma cikin masu larurar kusan kashi 15 cikin 100 ne ke ci gaba da fama har shekara guda. Ki riƙe wannan adadi na ƙarshe, domin yana nufin mafi yawa suna samun sauƙi.

Me ya sa yinin kasuwa ke kwantar da shi?

A nan nake son in tsaya, don nan ne aka fi zaluntar masu wannan ciwo. Gajiyar da kowa ya sani, in an yi barci sai ta tafi. Wannan daban ce. Mutum zai yi aikin da a da ba ya ko lura da shi, ya ji kamar lafiya lau a lokacin, sai bayan yini ɗaya ko biyu jiki ya rushe, da ciwon tsoka, da nauyin kai, da kasa tunani, wani lokaci har kwanaki. Saboda rushewar ba ta zuwa nan take, mutanen gida ba sa haɗa ta da aikin. Abin da suke gani shi ne jiya ya je ɗaurin aure a Fagge yana raha da mutane, yau ya ce ba zai iya fita kasuwa ba. Daga nan zancen lalaci ko sammu ke tasowa.

A Janairun 2024 masu bincike a Amsadam ta ƙasar Holan suka wallafa wani aiki da ya taɓa zuciyata. Sun sa masu doguwar korona da masu lafiya sun tuƙa keken motsa jiki har iya ƙarfinsu, suka ɗebi ɗan naman cinyarsu kafin aikin da kuma kwana guda bayansa. A tsokar marasa lafiyar an ga lalacewa ƙarara bayan motsa jikin, kuma ƙananan sassan da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin tsoka, waɗanda za ki iya kwatanta su da janareton kowace ƙwaya, aikinsu ya ragu. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma abu ne da aka gani da ido a madubin likita. Mai cewa jikinsa ya mutu bayan ya yi aiki, gaskiya yake faɗa.

Batun lissafi ma an auna shi. A Ingila an gwada tunanin mutane sama da 100,000, sakamakon ya fito a Fabrairun 2024. Waɗanda suka yi korona suka warke sun nuna ɗan raguwa a riƙe abu da saurin tunani, waɗanda alamominsu suka ƙi tafiya raguwarsu ta kai ninki biyu, waɗanda aka kwantar a sashen kulawa ta musamman kuma suka fi kowa. Labari mai daɗi a ciki shi ne waɗanda doguwar koronar ta sake su daga baya, sakamakonsu ya dawo kusa da na waɗanda suka warke da wuri. Don haka kada ki ɗauka ƙwaƙwalwar maigida ta tafi ke nan.

A kan ainihin dalili, masana na bin hanyoyi da dama, kuma da alama ba dalili ɗaya ba ne ga kowa. An samu ɓurɓushin bairos ɗin a hanji da wasu sassan jiki watanni bayan an warke, yana ta tsokanar garkuwar jiki. An ga garkuwar wasu ta ƙi kwantawa bayan yaƙi, har tana taɓa jikin mai ita. An ga tsofaffin ƙwayoyin cuta da ke barci a jikin kusan kowa sun farka. Farfesa Resia Pretorius ta Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu ta yi ta nazarin wasu ƙananan gudajin jini da take ganin suna hana iskar numfashi isa ga tsoka, kodayake har yanzu ana muhawara a kansu. A wasu kuma jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya da hawan jini ba tare da saninmu ba ne suka rikice, shi ya sa suke jin jiri da bugun zuciya idan sun miƙe. Babu gwajin jini guda ɗaya da zai ce ga doguwar korona. Duk wanda ya karɓi kuɗinku da sunan yana da irin wannan gwaji, ku rabu da shi.

Sai dai ki sani yawancin waɗannan bincike a Amurka da Turai aka yi su, wasu manyan ma a kan tsofaffin sojojin Amurka, mafi yawansu maza fararen fata da suka manyanta. Jikin da ya tashi da maleriya da ƙurar hunturu da hayaƙin janareto yana da nasa tarihin, don haka ina amfani da alƙalumansu a matsayin jagora kawai.

Abin da zan fara nema in yana gabana

Zan faɗa miki kai tsaye, a daina maganin maleriya da taifot ba bisa hujja ba. Maleriya ba ta yin wata bakwai tana sa haki a bene. Gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa mutum na da taifot kuwa yakan nuna alama ga mutane da yawa masu lafiya a gari irin namu, domin jikinsu ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ko danginta. Ina ganin marasa lafiya da suka sha antibayotik zagaye huɗu ko biyar saboda wannan takarda, cikinsu ya lalace, aljihu ya ƙare, ciwon na nan.

Na farko a raina tarin fuka, wato tibi. Gwajin majina na tibi kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta tanada, kuma duk mai tari sama da mako biyu, ko rama, ko gumin dare, ya kamata ya yi shi tare da hoton ƙirji. Sai awon jini don ƙarancin jini, sai suga. Na ambaci suga da gangan, saboda wani nazari na 2022 a Amurka ya nuna haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a shekarar da ta biyo bayan korona. Sai hawan jini da awon zuciya, domin namiji ɗan shekara 46 mai haki a bene, dole a tabbatar zuciyarsa ba ta fara gazawa ba. Sai ƙoda, hanta, sinadarin maƙoshi, da gwajin ƙanjamau wanda nake ba kowane mai doguwar rashin lafiya shawarar yi, ba don zargi ba.

Akwai wani magidanci, tela ne, da ya zo wurina ya riga ya yanke wa kansa hukuncin doguwar korona saboda abin da ya karanta a waya. Alamominsa sun dace sosai. Da muka auna, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ashe gyambon ciki ke zubar masa da jini a hankali saboda maganin ciwon jiki da yake saye a kemis kullum. Wata biyu da magani ya koma kan kekensa. Da na amince da sunan da ya zo da shi, da na cuce shi. Akwai kuma wata malamar makaranta da duk awon da muka yi ya fito lafiya, amma in ta tsaya gaban allo sai duhu ya rufe mata ido. Na kwantar da ita minti biyar na ƙirga bugun zuciyarta, na tsayar da ita na sake ƙirgawa, cikin minti goma ya ƙaru da fiye da 30 ba tare da awon hawan jininta ya faɗi ba. Wannan awo ba ya bukatar na'ura mai tsada, kuma ku roƙi likita ya yi wa maigida shi. In likitan farko ya ga bukata, zai tura ku sashen zuciya ko na huhu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala.

Damuwa da dangi suka ambata, kada a jefar da ita gaba ɗaya. Mutumin da ya saba ciyar da gida da taimakon 'yan'uwa, ya wayi gari yaran shago ne ke riƙe da harkarsa, dole ransa ya ɓaci, kuma ciwon damuwa na da magani. Amma sau da yawa ciwon ne ya haifi damuwar. Addu'a da sadaka kuwa ku ci gaba da su, ba sa karo da zuwa asibiti. Abin da nake tsoro shi ne zancen sammu ya sa a fara zargin abokin kasuwa ko ɗan'uwa, zumunci ya lalace, a kuma ɗura wa maigida jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, ƙoda ta biya bashin.

In awo ya fito lafiya fa?

To sai mu kira shi da sunansa, mu yi aiki da abin da ke hannu. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana warkar da doguwar korona. An gwada Paxlovid, maganin korona, na kwana 15 a Jami'ar Stanford, sakamakon 2024 bai nuna ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta, wadda aka ba wasu don kwatantawa, ba. Wani gwaji na 2023 ya nuna metformin, maganin suga da muka sani, ya rage haɗarin doguwar korona da kusan kashi 41 cikin 100, amma ga masu ƙiba da suka fara shan sa a kwanakin farko na kamuwa. Bai shafi wanda ya yi wata bakwai ba, don haka kada a je a saya.

Abin da na ga yana aiki shi ne auna ƙarfi. Ki samo ɗan littafi, ku riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana da yadda ya tashi kwana ɗaya da kwana biyu bayan nan. Cikin mako biyu zuwa uku za ku ga iyakarsa. Wataƙila awa uku a shago a zaune ba sa kwantar da shi, amma awa bakwai da ɗaga diloli da cinkoson Adaidaita Sahu a rana suna yi. To ya tsaya ƙasa da wannan iyaka, har a ranar da ya ji garau, domin ranar jin garau ce ke yaudarar mutane su biya bashin aikin mako guda. In ya yi makonni bai rushe ba, sai a ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. Ciniki da lissafi da hayaniyar kasuwa ma aiki ne da ke cin ƙarfi kamar hawan bene, don haka ya riƙa rubuta komai, ya bar wa amintaccen yaro ƙirga kuɗi, ba abin kunya ba ne.

Za a samu masu ce masa ya daure ya riƙa motsa jiki, wasu ma ma'aikatan lafiya ne. Ga mai irin wannan rushewa, shawarar na iya cutarwa. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar ƙara motsa jiki a kan dole ga masu ciwon gajiya mai ɗorewa, saboda marasa lafiya da yawa sun ce ta ƙara musu ciwo.

In jiri na ɗibarsa lokacin tashi daga sujada ko doguwar tsayuwa, ya tashi a hankali, kuma malamai sun yi bayanin sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya na yin salla a zaune. Ya yawaita shan ruwa, musamman da zafi. Akan ƙara wa masu irin wannan jiri gishiri, amma ba za a yi haka ba sai an tabbatar ba shi da hawan jini ko ciwon ƙoda. In azumi ya gabato bai gama murmurewa ba, ku zauna da likita tun da wuri. In ƙanshi bai gama dawowa ba, ya riƙa shinshina abu huɗu masu ƙarfi, kamar kanumfari da lemon tsami da citta da turare, safe da yamma na wasu watanni.

Ina roƙonki ki tsare shi daga dezametazon da danginsa, waɗanda ake sayarwa a kemis da sunan ƙara ƙarfi ko ƙiba. Kwanakin farko zai ji daɗi, daga baya suga da hawan jini su tashi, in kuma akwai tibi a ɓoye sai ta samu ƙofa. Ƙarin ruwa a gida da allurar bitamin ma ba sa taɓa wannan ciwo. Ya kuma kiyayi sake kamuwa gwargwadon iko. Wani nazari na 2024 ya nuna doguwar korona ta samu kusan mutum 10 cikin 100 a farkon annoba ga marasa rigakafi, ta sauko zuwa tsakanin 3 da 4 cikin 100 ga masu rigakafi a zamanin nau'in korona da ake kira Omikron. In mura mai zafi ta shigo gida, ya nisanci mai ita, in kuma ta kama shi, ya kwanta ya huta sosai kafin ya koma kasuwa.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko na dare ɗaya: ciwon ƙirji, haki yana zaune ko kasa kwanciya sai da matashin kai da yawa, kumburin ƙafa musamman ɗaya, suma, tari da jini, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, ko ya fara furta cewa gara ya mutu. Duk wanda kika gani, ku nufi sashen gaggawa kai tsaye.

Ranar da za ku je asibiti, ki raka shi. Ki tafi da littafin nan, da takardun awon baya, da kwalayen duk magungunan da ya sha har na gargajiya. Ki gaya wa likita ranar da zazzaɓin ya fara, ki faɗi batun ƙanshi, ki kuma bayyana masa cewa sai bayan kwana ɗaya ko biyu da yin aiki jikin ke rushewa, don maza da yawa in sun zauna gaban likita cewa suke da sauƙi. Allah Ya ƙara afuwa, Hajiya. In kun yi awon, ki rubuto mini abin da ya nuna.